Adalcin Mai Ruwaya da Kiyayewarsa: Tarihin Alƙaluman Annoba a Kaduna, 1918 zuwa 2020

Tsakure

Wannan maƙala ta bi tarihin yadda hukuma ke sanar da jama'a adadin waɗanda annoba ta kama da waɗanda ta kashe, tare da ɗaukar birnin Kaduna a matsayin fagen nazari. Ta auna alƙaluman korona na 2020 da sharuɗɗa biyu da malaman hadisi suka gindaya wa mai ruwaya, wato adalci da kiyayewa, sannan ta kwatanta su da yadda malaman tarihi na Misra suka ɗauki alƙaluman ɗa'un a zamanin Mamalik. Ta nuna cewa hukuma na iya faɗin gaskiyar abin da ta sani, amma abin da ta sanin ya zama kaɗan ne ƙwarai, kuma wani ɓangare na giɓin yana hannun al'ummar Musulmi da ke wanke gawa, su yi mata salla, su binne ta.

Gabatarwa

A ranar 26 ga Maris 2020, Mataimakiyar Gwamnan Jihar Kaduna, Dakta Hadiza Sabuwa Balarabe, ta sanar da dokar kulle a faɗin jihar, aka hana taruwa a kasuwanni da masallatai da majami'u. Gwamnati ta dogara da Dokar Killacewa ta 1926 da Dokar Lafiyar Jama'a ta 1917. A wannan rana ba a tabbatar da cutar a jikin ko mutum ɗaya a jihar ba. An yanke hukuncin ne bisa labarin da ke zuwa daga Legas da Abuja da ƙasashen waje. Kullen ya ɗauki kwana 75. Sama da Juma'a 10 suka wuce ba a yi huɗuba ba, azumin 1441 ya zo ya fita ba tarawihi a jam'i, kuma Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, wanda ya shahara da cikar tafsirin azumi tun zamanin Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, ya kasance ba taro.

Malaman da suka ba da fatawar halaccin barin Juma'a ba su ga ƙwayar cutar da idonsu ba. Labari aka kawo musu, mafi yawansa kuma alƙaluma ne. Ƙa'ida ce sananniya a wajen malaman usulu cewa hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtar haƙiƙaninsa. Idan haka ne, ingancin fatawa ya rataya a kan ingancin labarin da aka gina ta a kai. Wannan ne ya sa batun alƙaluman annoba ya shafi ɗalibin fiƙihu kamar yadda ya shafi likita.

Labari da Ƙidaya a Farkon Musulunci

A lokacin ɗa'un na Amwas, wanda ya auku a Sham a shekara ta 18 bayan Hijira (639), Sayyidina Umar (R.A.) ya kama hanyar Sham, sai kwamandojin runduna, ciki har da Abu Ubaida ɗan Jarrah (R.A.), suka tarye shi a Sarg suka gaya masa annoba ta ɓarke. Ƙissar tana cikin Muwaɗɗa da Sahihul Bukhari. An fi tattauna ta ta fuskar ƙaddara da hanin shiga garin annoba, amma akwai wani darasi a farkonta: masu riƙe da yankin ba su ɓoye wa halifa halin da ake ciki ba, shi kuma bai yanke shawara shi kaɗai ba, sai da ya tara Muhajirai da Ansar da dattawan Ƙuraishawa ya shimfiɗa musu labarin. Shawarar komawa Madina ta biyo bayan labari ingantacce da aka bayyana a fili.

Ita ma ƙidaya tana da asali. Bukhari ya ruwaito daga Huzaifa (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya yi umarni a rubuta masa waɗanda suka musulunta, aka rubuta mutum 1,500. Umar (R.A.) kuma ya kafa diwani, inda aka rubuta sunayen masu haƙƙi a baitulmali. Alƙur'ani ya yi umarni da tantance labari kafin aiki da shi a Suratul Hujurat aya ta 6, ya kuma yi hani ga ɓoye shaida a Suratul Baƙara aya ta 283. Daga irin waɗannan nassoshi malaman hadisi suka fitar da sharuɗɗansu. Adalci shi ne mai ruwaya ya zama ba ya ƙarya, ba ya ɓoye abin da ya sani don wata manufa. Kiyayewa kuwa, wadda suke kira labɗu, ita ce ya riƙe abin da ya ji daidai, ba ragi ba ƙari. Sun sha ƙin karɓar ruwayar salihin mutum saboda raunin haddarsa, ba tare da sun tuhumi addininsa ba. Wannan rarrabewa ita ce ma'aunin da za a yi amfani da shi a nan.

Diwanin Gado da Filayen Jana'iza a Alƙahira

Babu wata daular Musulunci ta da da ta bar mana alƙaluman annoba kamar daular Mamalik. Tun daga babban ɗa'un na 749 (1348), annobar ta riƙa dawowa Misra da Sham kusan kowane 'yan shekaru. A Alƙahira akwai ofishin da ake kira Diwanul Mawarisil Hashriyya, wanda ke rubuta mamata kullum. Aikinsa na asali shi ne gano dukiyar wanda ya rasu ba magaji domin a shigar da ita baitulmali, don haka idonsa ya fi kan masu abin hannu.

Malaman tarihin wannan zamani sun san da haka. Maƙrizi (ya rasu 845/1442), wanda ya taɓa riƙe muƙamin muhtasibi na Alƙahira, idan ya kawo adadin diwani a littafinsa as-Suluk yakan biyo shi da bayanin waɗanda ba a lissafa ba, kamar waɗanda suka rasu a bimaristan, wato asibiti, da gawawwakin da aka tsinta a kan hanya. Shi da almajirinsa Ibn Tagribirdi sukan kawo wani adadi na biyu daga filayen sallar jana'iza, irin na Babun Nasr, inda ake ƙirga gawawwakin da aka yi wa salla, kuma wannan adadi yakan zarce na diwani nesa. Ba su ce diwani ya yi ƙarya ba. Sun dai gane cewa kowane adadi yana da ƙofar da ya shigo ta cikinta, kuma duk wanda bai bi ta wannan ƙofa ba ba zai bayyana a cikinsa ba.

Hafiz Ibn Hajar al-Asƙalani (ya rasu 852/1449), wanda ɗa'un ya ɗauke masa 'ya'ya mata, ya yi amfani da adadi a cikin bahasin fiƙihu. A littafinsa Bazlul Ma'un fi Fadliɗ Ɗa'un, yayin da yake nuna cewa fita fili a taru domin roƙon ɗauke ɗa'un kamar yadda ake yi a roƙon ruwa ba shi da asali a Sunna, ya ambaci abin da ya gani a 833 (1430): kafin fitar, masu mutuwa a Alƙahira ba su kai 40 a rana ba, amma kafin wata ya ƙare sun haura 1,000. Shi kuwa Ibn Khaldun, wanda iyayensa biyu suka rasu a ɗa'un na 749 a Tunis, ya yi gargaɗi daga ɗaya ɓangaren. A farkon Muƙaddima ya soki masu tarihi, har da Mas'udi, kan karɓar adadi mai yawa ba tare da auna shi da abin da hankali da yanayin ƙasa za su ɗauka ba. Gadon da suka bar mana ke nan: kada a haɗiye adadin hukuma ba tambaya, kada kuma a haɗiye na bakin kasuwa.

Kaduna da Marisuwa

An mayar da hedikwatar Lardunan Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, shekarar da aka yi dokar lafiyar da aka sake ɗaukowa a 2020. Shekara ɗaya bayan haka babbar murar nan ta duniya ta sauka a Legas, a watan Satumba 1918, ta hanyar jirgin ruwa mai suna Bida, ta biyo layin dogo da hanyoyin fatake zuwa Arewa. Hausawa sun kira ta marisuwa, har ta zama abin lissafin shekarun haihuwa a bakin tsofaffi. Sunan da Turawa suka ba ta, murar Sifen, shi kansa shaida ne a kan batunmu: ƙasashen da ke Yaƙin Duniya na Ɗaya sun taƙaita wa jaridunsu ba da labarinta, Sifen kuwa ba ta cikin yaƙin, jaridunta suka buga, sai aka jingina mata cutar da ba daga can ta taso ba.

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa mutum kusan 500,000 suka rasu a Nijeriya, a lokacin da yawan jama'arta bai wuce miliyan 18 ba. Kalmar ƙiyasi a nan tana da muhimmanci. Babu rajistar mutuwa a karkarar Arewa, likitocin gwamnati kuma 'yan ƙalilan ne, aikinsu ya fi karkata ga Turawa da sojoji da ma'aikata. Adadin da ya iso sakatariyar Kaduna ya biyo silsilar mulki ne: daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki, zuwa Razdan. Wannan ita ce silsilar da ake tara haraji da jangali ta cikinta, don haka magidanci mai biyan haraji ya fi jariri da tsohuwa kusa da shiga lissafi. Illar diwanin Alƙahira ce ta sake bayyana. Bugu da ƙari, rahotannin ba don talakawa aka rubuta su ba; sun tafi Legas da Landan, kwafinsu kuma yana ajiye yau a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. A 1918 an rasa kiyayewa, an kuma rasa bayyanawa ga waɗanda abin ya shafa.

Yadda Aka Zubar da Yarda

Ba za a fahimci shakkar da jama'a suka nuna a 2020 ba sai an waiwayi 1996. A wannan shekara sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa, ya kashe fiye da 11,000, har Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya zuwa aikin Hajji. A tsakiyar annobar kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an sanar da iyaye cewa gwaji ake yi, har aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75.

A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da Kaduna bisa zargin cewa an gurɓata shi, Kano ba ta dawo ba sai a Yuli 2004, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashe da dama a tsakanin. Zargin bai tabbata ba, amma ya sami gindin zama saboda abin da ya gabata. Malaman jarhu da ta'adili sun san wannan: wanda aka taɓa kamawa da ɓoye wani abu a isnadi, sai an yi ta bincike kafin a karɓi ko da ingantacciyar ruwayarsa. Yarda ta dawo ne sannu a hankali, bayan an shigar da sarakuna da malamai cikin aikin, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a ranar 25 ga Agusta 2020.

Shekarar Korona: Ɓangaren Adalci

An tabbatar da korona a Nijeriya a karon farko ranar 27 ga Fabrairu 2020. Hukumar NCDC, wadda dokar kafa ta ta samu sa hannu a 2018, ta riƙa fitar da adadin kowace jiha kullum dare, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin ƙasar. A Kaduna, mutum na farko da aka sanar ya kamu shi ne Gwamna Nasir El-Rufa'i, wanda ya faɗa da bakinsa a ranar 28 ga Maris, ya kuma sanar da warkewarsa a ranar 22 ga Afrilu. Ko mene ne ra'ayin mutum game da siyasarsa, wannan mataki ya rage wa masu cewa cutar ƙirƙira ce ƙarfi, ya kuma rage kunyar bayyana ta. Ma'aikatar Lafiya a ƙarƙashin Dakta Amina Mohammed Baloni ta riƙa fitar da bayani a kai a kai. Idan aka kwatanta da Jihar Kogi, wadda gwamnatinta ta yi ta jayayya da NCDC kan samuwar cutar a cikinta, za a ga Kaduna ta tsaya a ɓangaren bayyanawa.

Sai dai bayyanawar ta zo da nata nauyin. A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali. Cikin 169 da aka kawo Kaduna daga Kano aka gwada, 65 sun kamu. Adadin gaskiya ne, kuma ɓoye shi da ya zama ha'inci. Amma an gwada waɗannan yara ne gaba ɗayansu domin suna hannun hukuma, alhali ba a yi wa mazauna Kawo ko Unguwar Shanu ko Rigasa irin wannan gwaji ba. Mai sauraro da bai san haka ba sai ya ɗauka almajirai ne tushen cutar. Adadi na gaskiya da aka faɗa ba tare da bayanin yadda aka samo shi ba yana iya haifar da zato na ƙarya, kuma a nan zaton ya faɗa kan yara marasa mai kare su.

Shekarar Korona: Ɓangaren Kiyayewa

Abin da ya faru a Kano, maƙwabciyar Kaduna, shi ya tona raunin lissafin. A tsakiyar Afrilu 2020 masu haƙar kabari suka fara shaida wa 'yan jarida cewa gawawwakin da ake kawowa sun ninka na kullum, a daidai lokacin da ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya dakatar da aiki na wasu kwanaki. Da farko gwamnatin jihar ta danganta mace-macen da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A watan Yuni, Ministan Lafiya Dakta Osagie Ehanire ya bayyana sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar dangin mamata: mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama sanadiyyar korona. Maƙabarta ta riga ɗakin gwaji sanin labari, kamar yadda filin Babun Nasr ya riga diwani.

Darasin ya shafi Kaduna kai tsaye, domin tsarin ɗaya ne. Adadin da ake sanarwa kullum na waɗanda aka gwada aka samu ne kawai, rashin samun abu kuwa ba ya nuna babu shi. Binciken jini da NCDC da Cibiyar Binciken Lafiya ta Nijeriya suka yi a ƙarshen 2020 ya nuna alamun cewa cutar ta taɓa shiga jikin kashi 23 cikin 100 na mutanen Legas da Enugu, kashi 19 a Nasarawa, kashi 9 a Gombe, wato miliyoyin mutane, alhali duk abin da aka tabbatar a ƙasar har ƙarshen annobar bai kai 270,000 ba, mamata kuma 3,000 da 'yan kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a Oktoba 2021 cikin kowane mutum 7 da suka kamu a Afirka, 6 ba a gano su ba.

A ƙasashen da ke rajistar mutuwa, ana cike wannan giɓi ta hanyar kwatanta mace-macen shekarar annoba da na shekarun baya. Nijeriya tana da dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa tun 1992, amma abin da ake rubutawa bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na mace-mace ba. Musulmi yakan rasu a gida da asuba, a yi masa sutura kafin azahar bisa Sunnar gaggauta jana'iza, ba tare da takarda ɗaya ta shaida wucewarsa ba. Saboda haka tambayar mutum nawa korona ta kashe a Tudun Wada ko Badarawa ba ta da littafin da za a buɗe a amsa ta. Wanda ya ce kullen ya yi tsauri fiye da kima, da wanda ya ce shi ya tsare rayuka, dukansu suna magana ne ba tare da cikakkiyar hujja ba.

Kammalawa

Daga 1918 zuwa 2020 an samu ci gaba na haƙiƙa a sharaɗi na farko: hukuma ta koma faɗa wa jama'a abin da ta sani, maimakon aika shi Landan. Sharaɗi na biyu kuwa bai cika ba. Haƙƙin malamai ne, idan aka sake kawo musu adadi ana neman fatawa, su yi tambayoyin da suka saba yi wa isnadi: wa ya ƙirga, mutum nawa aka gwada, a wace unguwa, su wa aka bari. Hukumar da ta amsa waɗannan, ta kuma bayyana kuskurenta idan ta gano shi, ita ta cancanci a gina hukunci a kan maganarta.

Akwai kuma abin da ya hau kanmu. Al'ummar da ta iya tsara isar da labarin ganin wata daga ƙauye zuwa fadar Sarkin Musulmi cikin dare ɗaya ba za ta gaza ajiye littafi a ƙofar maƙabarta ba. Kwamitocin maƙabartu da limaman masallatan jana'iza da 'yan agaji, ƙarƙashin jagorancin Jama'atu Nasril Islam da ke da hedikwata a Kaduna tun 1962, suna iya rubuta ranar binnewa da jinsi da kimanin shekaru da unguwa, su miƙa jimillar ga Hukumar Ƙididdiga ta Jiha, sunaye kuma su zauna a rufe domin suturta mamaci da iyalinsa. Da irin wannan littafi, liman zai san annoba ta shigo unguwarsa tun kafin a sanar a rediyo, zai kuma san lokacin da ta lafa har a buɗe masallaci. Allah ne Mafi sani.